Littafin ɗaga ƙarfe: ni da ɗan yayata, daga hunturu zuwa bazara

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Wata 'yar leda ce ta sa na buɗe wannan littafi. Ranar Juma'ar da ta wuce yayata tana wanki ta tsince ta a aljihun wandon ɗanta: kati biyu na ƙananan ƙwayoyi farare, an ɓalle fiye da rabin ɗaya. Ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗo gidana. Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Malam, duba min abin da yaron nan yake sha. In na maye ne ka faɗa min gaskiya."

Ba na maye ba ne. A bayan katin an rubuta Dexamethasone, wanda 'yan unguwa ke kira sha-ka-fashe. Ni malamin bayoloji ne a sakandare, ba likita ba, amma wannan kam na san shi. Magani ne mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa don kumburi da asma da wasu cututtuka, kuma ɗan'uwan kotisol ne, ɗaya daga cikin homon, wato sinadaran da jiki ke zubawa cikin jini su kai saƙo daga wata gaɓa zuwa wata. Kotisol daga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda yake fitowa. Wanda ya daɗe yana shan sha-ka-fashe ba da umarnin likita ba, ci zai buɗe masa, fuska ta cika ta yi zagaye, tumbi ya fito, mutane su ce ya yi kyau. A ƙarƙashin wannan cikar kuwa tsokar cinya da ta damtse zagwanyewa suke, ƙashi ya yi rauni, sukarin jini ya hau.

Ban ce ya watsar nan take ba, domin irin wannan magani in an kwana biyu ana sha jiki yakan rage yin nasa kotisol ɗin, yankewa lokaci guda na iya kayar da mutum. Asabar da safe muka je asibiti. Likita ya tambaye shi guda nawa, kwana nawa, ya tsara masa yadda zai janye.

A hanyar dawowa ne bakinsa ya buɗe. Shekararsa 20, yana koyon kanikanci, dogo ne siriri. Wata 8 ke nan yana ɗaga ƙarfe a kangon bayan layinsu, kullum har Juma'a, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, wani lokaci ya koma bayan isha'i. Ya ce, "Kawu, wallahi na fi kowa daɗewa a wurin nan, amma kowa ya fi ni jiki." Idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana kallon titi.

Na ce masa ya ba ni mako 12. Zan shiga wurin tare da shi, abin da ya ɗaga zan ɗaga daidai ƙarfina, amma ni zan riƙe agogo da littafi. Sau 3 a mako kawai: Litinin, Laraba, Asabar. Kowace rana jiki gaba ɗaya: tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, turin ƙirji a kan benci, ɗaukar ƙarfe daga ƙasa, jan jiki a sanda, tura ƙarfe sama da kai. Kowanne zubi 3, abin da yaran wurin ke kira saiti.

Awon yau, da sikelin kemis da tef ɗin tela. Shi: kilo 58, damtse santimita 27, ƙirji 84, cinya 47. Ni, mai shekara 36: kilo 74, damtse 31.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kangon ya cancanci a kwatanta shi. Gida ne da aka kai linta aka tsaya. Yawancin kayan siminti ne aka zuba a bokitin fenti, aka soka bututun ruwa a tsakiya ya bushe. Akwai tsofaffin ƙarafan injin babbar mota da aka huda, da benci guda da mai walda ya haɗa aka ɗaure masa soso da igiyar roba. Mai wurin, wanda kowa ke kira Oga, tsohon ɗan kokawa ne, ya rubuta nauyin kowane dutse a jikinsa da jan fenti. Da sanyin nan bututun yakan yi kamar ƙanƙara, hannu ya tsage, sai mun shafa man kaɗanya.

Makon farko na sha ciwon jiki. Ranar Laraba ruku'u da ƙyar na yi shi. Wannan ciwo yakan kai ƙarshen tsananinsa tsakanin kwana 1 zuwa 3 bayan aiki, kuma ga shi a mako na biyu ya ragu sosai duk da nauyin bai ragu ba. Ciwo ba shi ne ma'aunin girman tsoka ba, alama ce kawai cewa jiki ya gamu da abin da bai saba ba.

Rigimar da nake fama da ita ta ranakun hutu ce. Ranar Talata na biyo ta kangon bayan magariba na same shi a ciki yana murza damtse. Na zaunar da shi a kan bulo na yi masa bayani da harshen sana'arsa. Na ce ɗaga ƙarfe kamar kwance inji ne, ɗaurawa kuma sai an dawo gida an ci an kwanta. Bayan an wahalar da tsoka, aikin ƙera sabon furotin, wato sinadarin da ake gina tsoka da shi, a cikinta yakan tashi sama ya daɗe a haka awa 24 zuwa 48, sannan ya sauka. Binciken da Stuart Phillips da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya nuna haka a jikin mutanen da ba su saba ɗaga ƙarfe ba. Wanda ya koma kan damtse ɗaya kullum na awa biyu, ga shi yana wuni a gareji da shayi da burodi, kullum yana kwancewa ne, kayan ɗaurawa ba su iso ba.

Ya ce, "To Kawu, ranar hutun me zan yi?" Na ce aikin gareji ya ishe shi motsa jiki. Ya ci abinci, ya yi barci.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau aka tayar da maganar da na san za ta zo. Muna cikin zubi na biyu na tura ƙarfe sama, wani matashi mai faɗin ƙirji ya duba wayarsa ya ce mana mun wuce minti 45, duk abin da muka yi daga nan asara ne. Wai a minti 45 testosteron, homon ɗin mazantaka, yake faɗuwa, kotisol ya tashi ya fara cin tsoka. Ya nuna mana bidiyon da ya ji wannan a ciki. Nan take wurin ya rabu biyu, masu awa biyu da masu minti 45, kowa na rantsuwa.

Na yi kwanaki ina bin wannan magana tun kafin yau, don haka zan rubuta abin da na samu a tsanake.

Yawanci ana danganta ta da tsarin 'yan ɗaga ƙarfen Bulgariya a ƙarƙashin kocinsu Iban Abajiyef, waɗanda suka addabi duniya a shekarun 1970 da 1980. Gaskiya ne sukan yanka atisayensu gajere-gajere. Abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne, sau da yawa suke komawa a wuni ɗaya, kusan kowace rana, kuma ɗaga ƙarfen shi ne sana'arsu. Ba sa kuma faɗin cewa a gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu an ƙwace zinare biyu daga hannunsu saboda gwajin haramtattun ƙwayoyi, tawagar ɗaga ƙarfen ta janye gaba ɗaya. Ba daga jikin irin waɗannan za a yanko wa ɗan koyon kanikanci doka ba.

Homon na tashi bayan aiki mai nauyi, wannan ba gardama. Testosteron na ɗagawa kaɗan, homon na girma da ke fitowa daga wata 'yar halitta a gindin ƙwaƙwalwa yakan yi tsalle sosai, kotisol ma ya biyo su. Sai dai galibi cikin kamar awa guda duk sun kama hanyar komawa inda suke. Tambayar ita ce, wannan ɗan tashin shi ke gina tsoka? A Jami'ar McMaster da ke Kanada, Daniel West da Phillips sun gwada abin ta hanyar da ta burge ni. Samari 12, mako 15. Kowane saurayi yakan horar da damtsensa ɗaya shi kaɗai a wata rana, lokacin da homon ba ya wani motsi. Ɗayan damtsen kuma a wata ranar daban, a bi shi da aikin ƙafafu mai tsanani don jini ya cika da homon. Mutum ɗaya, abinci ɗaya, barci ɗaya. A ƙarshe, kamar yadda suka wallafa a 2010, damatsan biyu girma ɗaya suka yi, ƙarfi ɗaya suka ƙara. A 2012 suka sake duba maza 56 da suka yi mako 12 suna horo: yawan tashin testosteron bayan atisaye bai nuna wanda zai fi ƙara tsoka ba. Kotisol ɗin da ake tsoro ma, waɗanda nasu ya fi tashi sun ɗan fi ƙara nama. Ni a fahimtata, saboda sun fi yin aiki ne.

Nan ne ya kamata a rarrabe abu biyu da ake cakuɗawa. Kotisol da ya tashi na ɗan lokaci yana sakar wa jini sukari don a samu ƙarfin aiki, ya gama ya sauka, wannan aikinsa ne. Wanda ke cin tsoka shi ne wanda ya hau ya zauna mako da makonni, ko don ciwo, ko don ƙwaya irin wadda aka tsinta a aljihun yaron nan. Haka testosteron. A 1996 Shalender Bhasin da abokansa a Amurka sun yi wa maza allurar miligiram 600 kowane mako har mako 10, abin da ya ninka na jiki sau da yawa, kuma har waɗanda ba su ɗaga komai ba sun ƙara tsoka. Na faɗi wannan a gaban yaran don kada wani ya faɗa musu a ɓoye, na kuma faɗi kuɗin da ake biya: jiki ya daina yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har haihuwa ta yi wuya, zuciya ta ɗauki nauyin da ba nata ba. Da na ambaci haihuwa wurin ya yi tsit.

Oga ne ya rufe zancen. Ya ce a zamaninsu ba agogo, in ka ga hannunka ya daina riƙe abokin karawa yadda ya kamata, ka san ka gama na ranar. Muka ƙarasa zubinmu. Minti 62.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mako biyun nan na yi su ne a kan hutun da ke tsakanin zubi da zubi, kuma a nan na fi ganin canji da idona.

A kangon al'ada ita ce kar ka zauna. Ka ajiye ƙarfe, ka ja numfashi biyu, ka sake ɗauka, ana yi maka kirari. Wanda ya zauna rago ne. Ranar Litinin ta makon jiya na bar yaron ya yi yadda ya saba a turin ƙirji da kilo 40, hutun minti 1: ya ɗaga sau 10, sannan 7, sannan 5. Jimla 22. Ranar Asabar, nauyi ɗaya, benci ɗaya, na riƙe shi minti 3 cur kafin kowane zubi: 10, 9, 8. Jimla 27. Na miƙa masa littafin ya haɗa lissafin da kansa. Ɗagawa 5 a aiki ɗaya, kilo 200 ke nan da tsokar ƙirjinsa ta ɗauka wanda da ba ta ɗauka ba.

Dalilin a cikin tsokar yake. Akwai wani ɗan rumbun ƙarfi da ake kira fosfokiriyatin, shi ke ɗaukar nauyin daƙiƙun farko na aiki mai tsanani, kuma nan da nan yake ƙarewa. Kamar rabinsa kan dawo cikin rabin minti, amma cikarsa sai an yi minti 3 zuwa 5. Tun wajen 1990 binciken William Kraemer ya nuna gajeren hutu ya fi tayar da homon na girma, daga nan aka yi shekaru ana koyar da cewa mai son tsoka kar ya wuce minti 1. Sai a 2016 Brad Schoenfeld da abokansa suka raba maza 21 da suka saba ɗaga ƙarfe gida biyu na mako 8, wasu hutun minti 1, wasu minti 3. Masu minti 3 suka fi ƙara ƙarfi, kaurin tsokar cinyarsu ma ya fi ƙaruwa.

Abin da wannan ya jawo shi ne zamanmu a wurin ya ƙara tsawo, yanzu minti 70 zuwa 75, amma in ka tara lokacin da ƙarfe ke hannunmu bai fi minti 12 ba. Shi ya sa na daina ganin tambayar "minti nawa ya kamata a yi" a matsayin tambaya mai amfani. Wanda ya yi minti 40 a guje da wanda ya yi 75 a natse, agogo ba zai gaya maka wanda tsokarsa ta fi aiki ba. Littafi ne zai gaya maka.

Zaman minti ukun ya fi ɗagawar yi masa wuya, don abokansa na kallo. Na ba shi aikin rubutawa a lokacin. Yanzu yakan zauna a kan bulo da biro a bayan kunne, ƙirjinsa na hawa da sauka, yana duba abin da ya ɗaga makon jiya. A ƙananan ayyuka irin na damtse muna tsayawa a minti ɗaya da rabi, ya isa.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Awon mako 6. Shi: kilo 60.5, damtse 28, ƙirji 86, cinya 49. Ni: kilo 74 ban motsa ba, amma na matsa rami ɗaya a bel.

Sai dai tun ranar 10 ga wata lambobinsa suka tsaya cik. Tsuguno ya maƙale a kilo 60, yau ma har ya ragu da ɗagawa biyu, ga hamma yana ta yi. Na buɗe shafin barci, wanda na sa shi cikewa kowace safiya. Talatar makon jiya: ya kwanta 12:40. Daren jiya: 1:15. Wasannin Turai sun dawo, sai tara na dare ake take ƙwallo, a tashi daga gidan kallo sha ɗaya, a tsaya musu a teburin mai shayi, a dawo gida a buɗe TikTok. Asuba kuma ba ta jira. Awa 4 da rabi, wata rana 5.

Na ce masa, "Ɗana, kai da kake tsoron minti 45 zai rage maka testosteron, ga inda yake zuba nan." Yawancin testosteron na wuni a cikin barci ake yin sa, shi ya sa ya fi yawa da safe. Homon na girma kuwa babban fitarsa a barcin farko ne mai nauyi, jim kaɗan bayan an kwanta. A 2011 Rachel Leproult da Eve Van Cauter na Jami'ar Shikago sun taƙaita wa samari 10 masu lafiya barci zuwa awa 5 na mako guda, testosteron ɗinsu na rana ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wannan ba na awa ɗaya ba ne, na wuni ne gaba ɗaya. Wani bincike a Ostareliya a 2021 ya samu cewa dare ɗaya ba barci ya rage aikin ƙera furotin a tsoka da kashi 18 cikin 100.

Ban hana shi ƙwallo ba, don na san dokar da ba za a bi ba ɓata baki ce. Mun yi yarjejeniya: wasan ƙungiyarsa kawai, kuma waya ta kwana a ɗakin mahaifiyarsa. Sauran darare ƙarfe goma ya kwanta. In maigidansa na gareji ya tafi cin abinci bayan azahar, ya yi ƙailula ko ta minti 20 ce a kujerar bayan mota. Na kuma sauke mana nauyi a makon nan, zubi 2 maimakon 3.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Sauke nauyin ya yi amfani. Ranar Laraba ya yi tsuguno da kilo 65 sau 8, ya miƙe yana dariya.

Ban rubuta komai kan abinci ba tun farko, ga shi a taƙaice. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 49 ya nuna amfanin furotin ga mai ɗaga ƙarfe yana ƙaruwa har zuwa kamar giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ga yaron nan kusan giram 97 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kuma tsadarsa ba ta bari a dogara da shi. Abin da ya riƙe mu wake ne da awara da ƙuli-ƙuli da kindirmo da busasshen kifi. Yayata ta koma dafa shinkafa da wake rabi da rabi, tana daka ƙuli a zuba a kan komai. Garin gwangwani da ake tallatawa ba mu sayi ko ɗaya ba.

Ana duban wata yau. Ya tambaye ni ko azumi zai rushe abin da muka gina. Na karanta masa binciken Jami'ar Alabama na 2011: mutane sun yi mako 16 suna horo sau 3 a mako, sannan aka rage wa wasu aikin zuwa kashi ɗaya cikin uku, wasu kashi ɗaya cikin tara, har mako 32. Matasan cikinsu sun riƙe tsokarsu ko da kashi ɗaya cikin taran, muddin nauyin ƙarfen bai sauka ba. Riƙewa ta fi ginawa araha nesa ba kusa ba. Tsarin Ramadan: sau 2 a mako, aiki 4, zubi 2, nauyi yadda yake.

Talata, 11 ga Maris (11 ga Ramadan)

Na yi kuskure a makon farko. Na sa mu zuwa ƙarfe biyar da rabi na yamma don mu gama daf da shan ruwa. Na dogara da wani bincike na Tunisiya na 2013 da bai ga bambanci a jikin masu gina jiki 16 ba tsakanin waɗanda suka yi horo da azumi a baki da waɗanda suka yi da dare. Abin da ban lissafa ba shi ne yaron nan a ƙarƙashin mota yake wuni cikin rana. Ranar Laraba ya ajiye ƙarfe ya dafa bango, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, ya ce yana ganin duhu-duhu. Na kwantar da shi a inuwa, na ɗaga ƙafafunsa a kan bulo, na jiƙa masa kai har aka kira salla. Hankalina ya tashi ƙwarai, amanar yayata ce a hannuna.

Mun koma bayan tarawihi. Minti 35, fitilar waya a rataye a jikin rodi. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan daga buɗa baki har sahur, ba a ɗura lokaci ɗaya ba. A sahur fura da nono da ƙwai biyu ko alala.

Alhamis, 27 ga Maris (27 ga Ramadan)

Tun da goman ƙarshe ta shiga muka ajiye ƙarfe gaba ɗaya. Ga tahajjud, ga sahur, ga aiki, barcin a gutsure yake, ba inda jiki zai samu sararin gyara abin da aka kwance. Shi da kansa ya kawo shawarar, ban ce komai ba. Kilo 59.5, damtse 28 yana nan.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadi, mako 12 da na roƙa sun cika. Bai ce a tsaya ba, ni ma ban tuna masa ba. Mun dawo ranar Laraba da kashi 80 cikin 100 na nauyin da muka bari.

Wani abu ya faru a kangon da ya sa dole na rubuta yau. Wani sabon yaro, bai fi shekara 17 ba, ya zo ranar Laraba, manyan suka sa shi gaba wai za su buɗe masa jiki. Tsuguno da tsalle da ɗaukar dutse kusan awa biyu cikin zafin nan, duk lokacin da ya tsaya a yi masa ihu. Jiya wansa ya zo neman Oga, ya ce cinyoyin yaron sun kumbura sun yi tauri, ba ya iya taka ƙasa, fitsarinsa kuma ya koma kalar baƙin shayi. Na ce kada su tsaya kemis, su wuce asibiti yanzu. In tsoka ta farfashe fiye da kima, wani sinadari da ke cikinta mai suna mayoglobin yakan kwarara cikin jini ya je ya toshe ƙoda. An kwantar da shi, ana ta ƙara masa ruwa, yau da safe aka ce fitsarin ya fara washewa. Allah ya ba shi lafiya.

In akwai inda tsawon atisaye ke da haɗari na gaske, nan ne: sabon jiki, zafin rana, ƙarancin ruwa, da mutanen da ba sa bari a huta. Oga ya tara kowa bayan magariba, ransa a ɓace. Ya ce daga yau sabon shiga ba ya wuce rabin awa a makonsa biyu na farko, kuma ɗan yayata ne zai riƙa riƙe musu agogo.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Awon mako 14. Shi: kilo 61.5, damtse 29, ƙirji 88, cinya 50. Turin ƙirji daga kilo 40 ya kai 52.5 sau 8, tsuguno 72.5. Ni: kilo 73, damtse 32, kuma ciwon bayan da nake ji in na daɗe tsaye a gaban allo ya yi sauƙi.

Santimita 2 a damtse ba abin da za a hango daga nesa ba ne, kuma na ga alamar ya so fiye da haka. Na buɗe masa shafin farko ya kwatanta: da, awa 14 a mako na wata 8 ba abin da ya motsa. Yanzu ƙasa da awa 4. Yayata kuwa ba ruwanta da tef. Ta ce rigarsa ta salla da aka auna tun kafin azumi ta kama shi a kafaɗa, tela ya ce sai dai a buɗe ta.

Matsalar da ke gabanmu zafi ne. Rana na haura digiri 40, dare kuma in an ɗauke wuta ɗaki ba ya kwantuwa, shafin barcinsa ya sake komawa awa 5 da rabi. Mun fitar da katifarsa tsakar gida, na saya masa gidan sauro. Atisaye ya koma bayan asuba, kafin bututun ya yi zafi.

Tsarin mako 6 masu zuwa: kwana 3 yana nan, hutun minti 3 a manyan ayyuka yana nan. Zan ƙara zubi ɗaya a ƙirji da gadon baya, don kowace tsoka ta samu kamar zubi 10 zuwa 12 a mako, in ga ko jikinsa zai iya gyara wannan cikin awa 48 da irin barcin da yake samu. In lambobi suka tsaya mako biyu a jere, zan cire ƙarin. Awo na gaba 25 ga Mayu. Sababbin yara uku sun ce a buɗe musu shafi, gobe zan biya kasuwa in sayo littafi mai kauri.